Ranar da Aka Haska Imtiaz

Shekara goma sha ɗaya Imtiaz Cheema yana wasan kwaikwayo a Lahore, bai taɓa fitowa a wani abu da ya wuce mai gadi ko direba ba. Shi dai ya ɗora laifin a kan duhun fatarsa. Matarsa Shagufta kuwa ta ce muryarsa ce.

Abokin wasansa Tauqeer, fari tas, shi ya kwatanta masa wani shagon gyaran jiki inda aka cire masa tabo da na'urar haske.

"Minti ashirin ne, mutumina. Cizon sauro ma ya fi shi zafi."

Imtiaz ya je a haska masa fuska. Mai shagon ba ta tambaye shi komai ba, balle ta gwada a gefen wuya. Yadda ta saita wa Tauqeer na'urar haka ta bar ta, ta rufe masa ido ta fara. Can Imtiaz ya ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago.

"Yaya, wannan warin fa?"

"Aiki ne yake ci," in ji ta.

Washegari fuskar ta yi bororo. Bayan sati biyu tabo suka fito gida-gida a jere, wasu baƙi ƙirin, wasu fari fat. Shagufta ta ƙare masa kallo.

"Baban Hina, kwanta mu buga ludo."

Likitar fata, Dakta Farhat, ba ta yi dariya ba, amma ta sha fama kafin ta danne ta.

"Hasken nan duhu yake bi," ta ce. "A fuskar abokinka tabon kaɗai ya gani. A taka kuwa, duk inda ya sauka abin ƙonawa ne."

"Wato ni gaba ɗayana tabo ne, likita?"

"Na'urar ce ta faɗa, ba ni ba. Akwai wadda ta dace da irin fatarka, ba ita suka saya ba."

Ta rubuta masa man shafawa, ta hana shi shiga rana wata shida. Tauqeer ya zo dubiya da kwandon mangwaro yana sunkuyar da kai. Imtiaz ya sha guda huɗu tukuna, sannan ya zage shi tas.

Kafin sanyi ya shigo baƙaƙen tabon sun dushe. Farare uku a haɓa suka ƙi tafiya, sai ya tsayar da gemu ya rufe su. Mutanen unguwa suka fara ce masa Malam, har wata tsohuwa ta kawo jikarta mai ciwon kunne ya yi mata tofi. Ya duba hagu da dama, ya tofa.