Robar Kemis

Ni na zaɓi famfon da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. A shekarar 1997 aka ba ɗakin gwajin ruwan da nake aiki a Dutse damar sayen kayan aiki. Shugabanmu ya miƙo mini kundin kamfani ya ce, "Misbahu, kai ne daɗaɗɗe a nan, duba mana." Na yi kwana biyu ina hura hanci.

Abin da na zaɓa ɗan inji ne da bai wuce girman butar shayi ba. Ƙananan tayoyi uku ne a cikinsa, suna juyawa suna matsa wata siririyar roba, ruwa na tafiya a cikinta kamar ana tatsar saniya. Ruwan ba ya taɓa ƙarfen injin, shi ya sa ya dace da aikinmu. A minti biyu yake jan ruwan rijiya mililita ɗari cif ya bi da shi ta mataci, washegari mu ƙirga ƙwayoyin cutar da suka tsiro a kai. A ƙasan takardar oda akwai gurbin ƙarin roba. Na soke shi da biro, na ce roba dai ko a kasuwar Shuwarin ka same ta.

Bayan wata takwas robar ta tsage. Aka rubuta wa kamfanin a Legas, aka ce sai mun jira. Ni kuwa ba na son a ce famfon Misbahu ya tsaya. Na shiga kemis na sayo robar ƙarin ruwa irin ta asibiti, na yanka, na ɗaura. Na kunna, ruwa ya taho, har da murmushina.

Akwai wata sabuwar ma'aikaciya, Hadiyya, watanta uku da zuwa daga Kano. Ta matso ta ce, "Malam, ko mu fara auna abin da yake fitarwa a kofin awo? Kamar wannan robar ta fi waccan faɗi."

A gaban mutum biyu ta faɗa. Na ce, "Lokacin da na fara riƙe kwalbar gwaji kina firamare." Ta koma kujerarta. Gaskiyar magana ni ma na ga faɗin. Girman kai ne kawai ya hana ni ɗaukar kofin da ke nan kusa da gwiwar hannuna.

A makon aka kawo ruwan rijiyoyin Buji, ciki har da na rugar wani dattijo, Arɗo Barau. Ƙirgen nasa ya haura iyakar da muke yarda da ita. Na rubuta da jan biro cewa bai dace da sha ba, na sa hannu har da ƙawata shi. Ƙaramar hukuma ta je ta yi wa rijiyar murfi ta sa kwaɗo.

Mako biyar bayan nan robar gaske ta iso. Kafin a cire tawa, Hadiyya ta sa kofin awo a ƙarƙashinta, ta kunna, ta zuba wa agogo ido. Da minti biyu suka cika ruwan ya wuce mililita ɗari uku. Ta ajiye kofin a kan teburina ta tafi sallar azahar, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tunda ninki uku na ruwan da ya kamata na tace, na raba ƙirgen rugar gida uku, ya dawo ƙasa da iyaka sosai. Rijiyar lafiyarta lau. Kwana biyu ina fama da kunya, ban faɗa wa kowa ba. A na uku na shiga ofishin shugabanmu na faɗi komai a tsaye, na sha faɗa, na bi ta sakatariyar Buji na karɓi mukulli, na hau babur.

Bazara ce, rana kamar ta fasa kai. Tun kafin na isa na wuce mata suna tafe da tuluna daga wani kududdufi mai nisa. Arɗo Barau ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Da ya ji ni ne na gwada ruwan, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, wai na ceci jikokinsa.

Na fito da mukullin na ce, "Baba Arɗo, na zo ne a buɗe rijiyar."

Ya ce, "Ai babu abin buɗewa, ɗana. Yara sun dinga ƙoƙarin ɓalle kwaɗon, muka ji tsoro. Tunda mai ilimi ya ce cuta ce a ciki, me za mu jira? Muka taru muka cike ta da ƙasa." Ya nuna mini wani tudu a gindin marke. "Mahaifina ne ya haƙa ta. Zurfinta gaba goma sha takwas."

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har robar kemis ɗin, har maganar da na yi wa Hadiyya. Idona na kan tabarma.

Arɗo ya saurare ni har na gama. Daga baya ya juya ya kira surukarsa. "Kubura, baƙo ya sha rana. Kawo masa ruwa."

Ta kawo a ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye. Ruwan kududdufin ne, kalarsa kamar koko, tafiyar awa biyu ta yi da shi a ka. Duk rugar babu wanda ya fi ni sanin abin da ke cikinsa. Arɗo yana kallona, ba fushi a fuskarsa, jira kawai yake baƙonsa ya sha. Na ɗaga ƙwaryar na shanye.