Rumbun Amana a Rediyo

Mai Nasara bai jira an amsa sallamarsa ba. Ya ɗaga labulen ɗakin ƙaninsa a unguwar Kara-Kara ta Zinder ya shiga, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanyar Dogo. Suma'ila na zaune cikin takardu, alƙalami a bayan kunne. Malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, amma tun da wani gidan rediyon Zinder ya fara karanta littafinsa kowace la'asar, ya fi son a ce da shi marubuci.

"Yaya! Lafiya da sassafe haka?"

"Wane ne Mai Sa'a?"

Suma'ila ya yi 'yar dariya, ya shiga neman kofin shayi. "Mutumin cikin littafi ne, Yaya. Ƙirƙira ce."

"Ƙirƙira mai rumbu tsakanin aduwa biyu? Mai matar da ke ɗingishi?"

Ko jariri a Dogo zai gane rumbun nan. Shekarar da fara ta gama abin da fari ya rage, mutanen unguwa suka ware 'yan damman geron da za su yi iri, suka kai rumbun Mai Nasara aka liƙe bakinsa da laka, don kada yunwa ta sa mutum ya ci shukarsa. Haka aka yi da ubansa, kuma ba a taɓa rasa ko zangarniya ɗaya ba. Sai ga shi bana cin anza, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, ya kwantar masa da 'ya'ya biyu, cikinsu ya kumbura. Ya fasa lakar ta baya, ya zari dami ɗaya. Ɗaya ya zama biyar, biyar ya zama rumbu wayam. Mutum ɗaya tak ya gaya wa a duniya, yana kuka kamar yaro: wannan da ke zuba masa shayi yanzu.

"Jiya an tsaya inda aka liƙe rumbu," in ji Mai Nasara. "Me ke gaba?"

Suma'ila ya sunkuyar da kai.

"Na ce me ke gaba?"

"Yaya, ka fahimce ni. Zamanin littafin soyayya ya wuce. Yarinya ta ga saurayi, uba ya hana, a yi ta kuka, wa ke son wannan ana cikin yunwa? Yanzu gaskiya ake nema. Har daga Yamai an aiko mini da yabo. Kuma ban zage ka ba, na nuna cewa kowa ya samu kansa a wurin..."

"Ni na goya ka zuwa lakkwal, Suma'ila. Ban san wuƙa nake wasawa ba."

Mai Nasara ya sassauta murya, don roƙo ya zo yi, ba faɗa ba. Ya ce yana da sa ɗaya da ya rage. Ran kasuwa zai musanya shi da iri, ya mayar wa rumbu kafin ruwan fari ya sauka, kowa ya karɓi nasa ba tare da an ji ba. Kwana shida kawai yake nema.

"Kwana shida," Suma'ila ya maimaita da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Ai babin nan sai mako mai zuwa. Gobe zan je in cire shi gaba ɗaya. Wallahi, Yaya."

Har tasha ya raka shi, yana riƙe masa da sanda. Mai Nasara ya ji kunyar maganar wuƙa da ya yi. Jini dai jini ne, ya ce a ransa.

Motar Dogo ba ta cika ba sai bayan azahar. Wadda ta zauna kusa da shi Lami ce, maƙwabciyarsa, gwauruwa mai marayu huɗu, ta dawo daga asibiti da ƙaramin a baya. Dami biyu ta kawo rumbun, ta ɗauko su a kanta da kanta. Suka gaisa, ta tambayi ƙafar Kellu, matarsa.

Sun wuce gonaki tsirara, la'asar ta yi, wani ya ce, "Direba, buɗe mana littafi!"

Direba ya kunna rediyo, muryar mai karatu ta cika motar. Ya ce marubucin da kansa ya zo tun makon jiya aka naɗi karatun yau a gabansa, don babi ne mai nauyi. Sannan ya fara. Mai Sa'a ya zagaya bayan rumbu da 'yar fartanya. Ya ƙwanƙwasa lakar. Ya zari damin farko, na wata gwauruwa, don shi ne a kusa.

Tun makon jiya. Mai Nasara ya maimaita kalmar a ransa. Ashe lokacin da yaron ke rantsuwa, da lokacin da yake riƙe masa da sanda, ya san abin da zai fito da la'asar. Ba tonon asirin ne ya fi yi masa ciwo ba, rakiyar nan ce.

"Allah wadaran wannan mutum," in ji wani ɗan kasuwa a gaba.

"Kai, yunwa ba ta da ido," wata tsohuwa ta amsa. Gardama ta kaure, kowa na yanke wa Mai Sa'a hukunci.

Lami ta gyara goyonta, ta daɗe tana kallon hanya. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji:

"Maƙwabci, ƙanin nan naka ya iya ƙirƙira."

Ta juyo ta dube shi. Ya gane ƙofa ta buɗe masa. In ya ce e, ƙirƙira ce, za ta karɓa, ko da na kwana shida ne. Ya dubi ɗan da ke bayanta, wuyansa kamar sillen kara.

"Bai iya ba, Lami," ya ce. "Tunda yake bai taɓa ƙirƙirar komai ba."