Addu'a Maimakon Shaida

Ran Litinin da rana buhun albasa biyu suka ɓace a wata rumfa a kasuwar Mile 12, mai rumfar kuma ta ce Talle ɗan dako take zargi. Shugaban 'yan dako ya ba shi zuwa Alhamis ya kawo mai shaidar inda yake a lokacin, in ba haka ba ya ajiye rigarsa mai lamba. Ba riga, ba dako. Shekararsa goma sha ɗaya a Legas, bai iya wani abu ba sai ɗaukar kaya.

Shaida kam akwai. A lokacin yana shagon cacar ƙwallo bayan tashar motocin haya na danfo, yana jan hannun Ɗanjuma, ɗan garinsu kuma ladanin masallacin kasuwa, don ya fito kafin wani ya gan shi.

Da yamma Talle ya iske Ɗanjuma a ɗakinsa a unguwar Agege. Ladanin ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ɗaga tafukansa.

"Allah ya wanke ka, ɗan'uwa. Allah ya bayyana gaskiya."

Talle ya ce amin, ya kuma tuna masa cewa gaskiyar tana bakinsa, kalma biyar ta isa. Ɗanjuma ya jawo wata addu'ar, wadda ta fi ta farko tsawo.

Kwana uku kowa irinta yake ba Talle, daga mai shayi har abokan dako. Shi kuwa sai juya abin yake a ransa. In ya yi shiru ya rasa abincinsa. In ya yi magana ya tona asirin mutumin da ya je rufa wa asiri.

Ran Alhamis, a gaban shugaba da dattawa, ya dubi Ɗanjuma har sau biyu. Ɗanjuma yana jan carbi. Sai Talle ya faɗi inda yake, da wanda suke tare.



"Talle," in ji shugaba, "satar ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da ƙazafi? Ladan guda?"

Ɗanjuma ya ce shi ya yafe, kada a tsananta masa. Ya ɗaga hannu: "Allah ya shirye shi."

Gaba ɗaya suka amsa da amin, wasu har da shafa fuska.

Talle ya cire rigar ya ajiye a kan benci. Kafin ya kai bakin titi an miƙa wa wani ita.