Maganar Direba a Bakin Mai Gadi

Shekara ashirin da biyu tana buga bayanan shaidu a kotun, shi ya sa ake kiranta Yatsa Goma. Al'adarta ita ce ta zuba rubutun tukuna, sannan ta koma baya tana saka alamar zance, ta buɗe ta rufe, idonta a kan takardar hannu.

Ranar Talata magatakarda ya faɗo ofishinta ko sallama babu, ya maka mata fayil a tebur.

"Karanta shafi na tara!"

Shari'ar satar kaya ce daga wani sito. Mai gadin wurin, dattijo mai ɗingishi, ya shaida cewa direban da ake tuhuma ya faɗa masa, "Ni na buɗe ƙofar." Amma a takardar alamomin biyu sun manne da juna a ƙarshen layi, babu komai a tsakaninsu. Maganar direban ta sauko layi na ƙasa tsirara, kamar mai gadin ne ke faɗa da bakinsa. Lauyan direba kuwa ya karanta ta haka a gaban alƙali, har sau biyu.

"Ranka ya daɗe, ba hannuna ba ne."

"To na wa? Na aljanu?"

Ta danna alamar buɗe zance a kwamfutarta sau ɗaya a gabansa. Biyu suka fito. Ta goge, ta sake dannawa. Biyu.

Ta sungumi fayil ɗin ta haura bene wurin Injiniya, mai kula da kwamfutocin kotun, ta same shi yana juya shayi.

"Kai ka taɓa min na'ura?"

"Sabunta manhajar na yi, Anti. Yanzu da kin buɗe, ita za ta rufe miki. Sauƙi ne."

"Sauƙin wa? Na ce maka hannuna ya shanye ne? Ka sauya min abin aiki ba ka ce min uffan ba, ga tsoho can an kusa maƙala masa sata!"

"Ai da kin duba allon..."

"Ajiye kofin nan ka tashi!"

Ta tasa shi a gaba har ofishinta, ma'aikata na leƙe ta taga. Danni uku kacal ya yi, na'urar ta daina rufe alamar da kanta, wannan ma ya ƙara ƙona mata rai. Ba ta bar shi ya fita ba sai da ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu, don alƙali ya gani.

Da ta fito, mai gadin na zaune a bencin baranda, hularsa a cinya. Ta rage tsawo.

"Baba, ka yi haƙuri. An gyara."

"'Yata, ni dai ban buɗe ƙofar nan ba."

"Na sani, Baba."

Ta koma ta jawo duk fayilolin da ta buga tun ranar da Injiniya ya taɓa na'urar. Goma sha ɗaya ne. Ta ja tsaki, ta buɗe na farko.