Tasar Ƙarshe a Jeren Inna Luba

"Juya shi wajen haske," in ji Inna Luba daga kan gado. "Idona ne ya tsufa, ba hankalina ba."

Na juya zanen. Na ɗaga kai, don ni Raihana ba a ganin tsorona. Ni ce wadda ta tafi birni karatun zane, ƙauyenmu kaf ana dariya wai Baba ya sayar da tunkiya don in koyi shafa fenti. Duk na shanye. Abin da na kasa shanyewa shi ne bangon maƙwabciyarmu, Inna Luba.

Tun da ɗaliban jami'a suka fara zuwa daga Rijiyar Zaki suna zana gonakinmu, Inna Luba ta tsiro da nata ciniki. Zanen da ya burge ta, sai ta sauko da tasa ɗaya daga jeren aurenta ta ba mai shi, ta rataye zanen a gurbin. Akwai na wani ɗan Gana, akwai na wata 'yar Damagaram da ta tashi a Landan. Sharaɗinta ɗaya: ban da fuskar mutum, kada mala'iku su ƙi shigo mata ɗaki.

Ni kuwa duk wanda na kawo sai ta mayar mini. "Wannan dawar littafi ce, 'yar nan. Ba ta taɓa ganin fartanya ba."

Da daminar bana na shiga gonarta na yi noma har da maimai, sai da tafina ya yi kanta, sannan na zana. Yanzu tasa ɗaya ta rage a bango, ta tagulla, Inna kuma ta daina cin tuwo, sai kunu.

Ta daɗe tana kallo. Can ta miƙa yatsa.

"Wa ya aike ki ki zana inda akuyar Huseina ta yi mini ɓarna?"

"A gonar na gan shi, Inna."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa, ta kira ɗanta daga tsakar gida. "Sama'ilu, sauko mini da tasar nan."

"Inna, ita kaɗai ta rage fa. Me za a ce kin bari?"

"A ce na bar gonaki a bango, ba mai rigimar iyaka a kansu. Kai dai kada ka rufe akurkin kaji da su."

Da hannunta ta ɗora mini tasar a cinya. "Ba kyauta ba ce, saye na yi. Gobe wani ya zo, ki tsauwala masa."

Ba ta ga ƙarshen makon ba. Da hantsi ta cika, Allah ya jiƙanta.

A zaman makoki ɗakin ya cika da mata, har da waɗanda suka fi kowa yi mini dariya. Huseina ta yi gaisuwa, ta tsaya gaban zanena tana share hawaye.

"Wallahi ba akuyata ba ce," ta ce. "Tawa ba ta cin gefen nan."

Aka kwashe da dariya, ana rufe baki da mayafi. Sama'ilu ya leƙo, ya gyara wa zanen zama a kan ƙusa, ya fita.

Da yamma na zuba ruwa a tasar, na tsoma burushina. A hankali ruwan ya rine, ya yi ja kamar karan dafi.