An Gwada Inna Casilda a Harshen Uwarta

"Saura takarda ɗaya," in ji ma'aikaciyar, tana sake juya shafukan.

Casilda Norales ta dubi ƙanenta Crisanto, shi kuma ya ɗaga kai yana kallon silin. Tun asuba suka baro ƙauyensu na 'yan ƙabilar Garifuna da ke bakin teku, awa uku cikin motar haya mai tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu, kuma yau da ƙarfe goma sha biyu ake rufe karɓar takardun neman tallafin gwamnati.

"Wace takarda kuma, 'yar nan? Ba abin da ba mu kawo ba. Har hotona da ba na so na kawo."

"Shaidar cewa shugabar aikin tana jin harshen Garifuna. Ga shi nan a shafi na shida."

"Yaya, wallahi na gani," Crisanto ya ce ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka ba da irinki suke ba."

Dariya ta ƙwace wa Casilda, har mutanen da ke layi suka waiwayo. "Shaida? Wa zai shaide ni? Ai wadda ta koya mini ta shekara talatin a kabari."

Ma'aikaciyar ma ta murmusa, amma ba ta buga hatimin ba. Ta ce akwai jami'in da ke gwaji a bene na biyu, yana nan har ƙarfe goma sha biyu.

Casilda ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa a hankali. Ciwon gwiwoyin nan ne ma ya kawo ta nan. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa, da ta ajiye aikin kuma sai ta koma zaman benci a ɗakin shan magani na ƙauyen, kwana uku a mako, tana yi wa tsofaffi tafinta. Ma'aikaciyar jinyar yarinya ce mai kirki, amma daga kan duwatsu ta zo, Sifaniyanci kaɗai take ji. In Casilda ba ta nan, sai tsoho ya yi ta gyaɗa kai, ya koma gida ya sha maganin yadda ransa ya ba shi. Yanzu zaman bencin ya fara gagarar ta. Abin da suke nema a wurin gwamnati shi ne a horar da 'yan mata biyu su gaje ta, a kuma buga bayanin magunguna cikin harsuna biyu.

Jami'in saurayi ne da bai wuce talatin ba, da tabarau da riga mai karin guga. Ya miƙe ya gaishe ta da Garifuna. Babu kuskure ko ɗaya a gaisuwar, sai dai ta fito a sandare, irin wadda kakannin kakanni ke yi a bakin kwalekwale.

Casilda ta zauna, ta ƙura masa ido. Ba bakinsa take kallo ba, goshinsa take kallo.

"Kai ɗan wa ne?"

"Sunana Edilberto Arzú, Inna."

"Ban tambayi sunanka ba. Wa ta haife ka?"

"Fermina."

Ta buga cinya. "Na faɗa! Wannan goshin ba ya ɓuya. Ina take?"

"Ta rasu, shekara tara ke nan. A babban birni."

Casilda ta gicciya hannu a ƙirji. Yana ɗan shekara huɗu Fermina ta tafi da shi neman aiki, ba a sake ganinsu ba. Ya ce a gida uwarsa Sifaniyanci take yi masa, don kada a yi masa dariya a makaranta. Harshen nasu a jami'a ya koya, daga littattafai.

"Ai na ji a bakinka," ta ce. "To, gwada ni."

Ya kunna na'urar ɗaukar murya, ya ajiye mata hoton wata mata tana gurzar rogo, ya ce ta faɗi abin da ta gani.

"Na ga wadda za ta yanke yatsunta. Wa ya koya mata riƙon rogo haka?"

Ya danne dariyarsa, ya yi alama a takarda. Bayan hotuna uku ya ce yanzu sai ta ba da labari, kowane iri, na minti biyar.

"Kowane iri?"

"Kowane iri, Inna."

Sai ta ba shi labarin wata safiya da teku ya yi fushi, ruwa ya shanye hanya, aka zo aka ɗauke ta a kwalekwale zuwa gidan wata yarinya mai naƙudar fari. Ta faɗi yadda jaririn ya ƙi juyowa, ya turo ƙafa maimakon kai. Ta faɗi yadda yarinyar ta zagi mijinta, ta zagi kwalekwalensa, ta zagi kifin da bai kamo ba, sannan da aka ɗora mata yaron a ƙirji ta daina komai, ta soma yi masa wata 'yar waƙa, tana kiransa ɗan kaguwarta, tunda da baya-baya ya shigo duniya.

Alƙalamin Edilberto ya daɗe da tsayawa.

"Ɗan kaguwa," ya maimaita da Garifuna, a hankali. "Haka take kirana. Ban taɓa sanin dalili ba."

"To yau ka sani. Kuma ba haka ake faɗa ba, ja ƙarshen kaɗan." Ta sake faɗa, ya bi ta. "Yauwa. Ashe bakin yana nan."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da ya duba na'urar, minti ashirin da biyu ta ɗauka.

Sannan ya turo mata farar takarda, yana kauce wa idonta. Sashe na ƙarshe rubutu ne, layi goma.

Casilda ta dubi takardar. A zamaninsu, wanda aka ji yana Garifuna a aji durƙuso yake sha a kan tsakuwa. Ta iya rubuta wasiƙa da Sifaniyanci, ta cike katin haihuwa ya fi dubu, amma harshen da take mafarki da shi ba ta taɓa ganin hannunta ya rubuta shi ba.

"Wannan kam ban iya ba, ɗana."

"In ba rubutu, doka ba ta bar ni in ba ki matakin ƙwarewa ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sai dai matsakaici. Inna, ni kaina kunya nake ji. Ni da ke, a ce ni ne..."

"Matsakaicin zai sa a karɓi takardunmu?"

"Zai sa."

"To me kake jira? Sha biyu ta kusa, ga matakala a gabana."

Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya riƙo ta har ƙasa. A kan matakalar ya ce yana da hutu ran Asabar, in ba damuwa zai zo ƙauyen ya nuna mata haruffan, ba su da wuya.

"Ka zo. Ka nuna mini naka, ni kuma in warware maka harshen nan da ya sandare. Akwai goggonka ma da ta ɗauka ka mance da su."

Ma'aikaciyar ta karɓi takardun sha biyu saura minti bakwai, ta ce za a ji sakamako nan da wata biyu.

Sai da suka zauna a rumfar mai abinci ta bakin tasha, aka ajiye musu miyar kifi da kwakwa da dakakkiyar ayaba, Crisanto ya karɓi kwafin shaidar ya karanta. Ya sake karantawa. Ya ajiye cokali ya yi ta dariya har da hawaye.

"Matsakaici! Yaya, ashe duk shekarun nan da rabin harshe kike zaginmu! Da kin ƙware fa?"

"Ci abincinka. Kai da ko gwada ka ba a yi ba."

Ta karɓe takardar, ta nisanta ta da idonta. A saman shafin akwai rubutu layi biyu, na sama Sifaniyanci, na ƙasa kuwa wasu kalmomi masu ɗigo-ɗigo a kai. Ta ɗora yatsa a kan ta farkon, ta motsa leɓe, ta sake motsawa. Can sai ta ji kalmar ta fito, ta Garifuna ce, wadda ta sani tun tana goye.

"Crisanto," ta ce, ba ta ɗago ba, "ara mini biron nan naka."