Rasuwar Kwalejin Tarbrook

Sakamakon jarrabawar Renata Kolb saura shekara ɗaya ya lalace. Haka dokar makarantun likitanci take: shekara uku ake ba shi kamar gwangwanin wake, daga nan ko maki nawa ka ci sai ka sake zama. Ita kuwa ta san ba ta da ƙarfin sake zama. Sau biyu tana nema ko kiranta ganawa ba a yi ba, tana nan tana tura gadajen marasa lafiya a wani asibiti a garin Toledo, ga kawunta ya riga ya ware mata kujera a shagonsa na sayar da darduma. Bana ce ta ƙarshe, kowa a gidan ya sani, shi ya sa ba mai tayar da zancen a wajen cin abinci.

Makarantu ashirin da wani abu ta nema, kowace kuma ta aiko da tambaya iri ɗaya: me ya sa mu kika zaɓa? Amsar gaskiya ba ta fi kalma biyar ba, wato duk wadda ta ɗauke ni. Amma wa ya isa ya rubuta haka? Dole ka tsaya gaban kowace ka dafa ƙirji ka rantse cewa tun kana cikin zanen goyo ita kake mafarki, su ma sun san ƙarya ce, kai ma ka san sun sani, a haka ake fitar da likitoci.

Madam Pruitt, mai ba ɗalibai shawara a tsohuwar jami'ar Renata, ta haddace abin kamar karatun sallah. Ta ce kada a yabi sunan makaranta, sun gaji da jin sa. Kada a ambaci kyawun gari ko kusancinsa da gida. A nemo wani ƙaramin asibitin kyauta da ɗalibansu ke gudanarwa, a ambaci sunansa daidai, a haɗa da binciken wani malami ko da ba a gane kansa ba, sannan a ɗaure duka da wani abu mai zafi daga rayuwar mutum. Ta tambayi Renata ko akwai wanda ya mutu mata. Da ta ce kakanta, sai matar ta yi murmushi ta ce madalla.

Sunan kakan Harlan. Bai taɓa yarda a ce masa Kaka ba, wai tsufar da shi ake yi, don haka har jikoki da sunansa suke kiransa. Renata ce ta yi jinyarsa har ya cika. Sai aka yi dace akwai Kwalejin Likitanci na Harlan a cikin waɗanda ta nema, kuma shi ne kaɗai take so tsakani da Allah. Ta buɗe rubutun da zancen wannan dacen suna, ta ba da labarin jinyar, ta rufe da asibitin kyautarsu. Tana rubutawa tana share hawaye.

Saura makarantu fiye da ashirin, ga aiki, ga ƙafafu sun kumbura. Sai ta yi abin da kowa ke yi ba ya faɗa. Ta goge sakin layin farko tunda dacen suna bai shafi sauran ba, ta sauya sunan asibitin kyauta, ta umarci kwamfuta duk inda ta ga Harlan ta sa sunan sabuwar makaranta. Kwamfuta ba ta da kaka, ta yi aikinta tsaf.

Sai ranar wata Lahadi, bayan an dawo daga coci, mahaifiyarta Lorraine ta ce a ba ta ɗaya ta gani. Ta sa tabarau, ta ture kwanon dankali gefe, ta karanta da ƙarfi:

"Kwalejin Likitanci na Tarbrook ba ya jin magana. A rubuta masa magani ya karɓa da fara'a, ana juya baya ya tura shi ƙarƙashin katifa. Duk wanda ya zo taimakonsa sai ya sha zagi. Daga baya ya kai ba ya iya riƙe ruwa, sai an shimfiɗa masa leda. Duk da haka ban taɓa jin ƙyamarsa ba. Ina riƙe da hannunsa ya cika, ni na rufe masa ido."

Lorraine ta cire tabarau ta ce, "Rena, makarantu nawa kika kashe?"

Duka ta kashe, in ban da Harlan. Renata ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta buga wa Madam Pruitt waya, matar ta ce abin da aka aika ba ya dawowa, sai addu'a, ta kuma roƙi kada a ambaci sunanta a ko'ina.

Amsoshi suka fara zuwa. Kwalejin Harlan ne ya fara cewa a'a, shi da aka rubuta wa gaskiya. Sauran suka bi layi, wasu da ladabi, wasu ko amsa ba su yi ba, wanda ba laifinsu ba ne tunda an sanar da su sun rasu. Kawu ya fara tambayar ko ta fi son kujera mai juyawa. Ana cikin haka Tarbrook ya kira ta ganawa.

Madam Pruitt ta ce da ta shiga ta ba da haƙuri kafin a tambaye ta. Lorraine ta ce kada ta kuskura ta tono abin da ba a tono ba. Uwar ce ta kai ta a mota, tafiyar rabin yini cikin gonakin masara, ta tsaya a wurin ajiye motoci da burodi da nama a cikin leda ta ce tana nan tana jira.

Tun daga ƙofa Renata ta fara kaucewa bokitai. A barandar sama ruwa na ɗiga daga rufi, ta leƙa ɗakin karatu ta ga an lulluɓe kantocin littattafai da leda. Wanda zai gana da ita wani tsohon likita ne, Dakta Ostrander, dogo, gashin girarsa ya yi fari. Rubutunta na gabansa, an ja masa layuka da jan biro har ba wurin sa yatsa.

Ya ce shekara da shekaru yana karanta irin waɗannan, kowa na ce musu su ne hasken duniya, alhali ko fitilar matakala ba ta kamawa. Sai ga yarinya daga Toledo ta faɗa musu abin da shi ya kasa faɗa a taron malamai. Maganin da ake turawa ƙarƙashin katifa, ai rahoton masu bincike ne da shugaban kwalejin ya karɓa da fara'a ya jefa a durowa. Zagin masu taimako kuwa, shi kansa ya sha. Da ya zo kan ledar sai ya nuna rufin da biro. Ya ce an karanta rubutun a kwamiti, wata malama ta fashe da kuka, shugaban ya fita ya buga ƙofa, mako biyu bayan nan aka kira masu gyaran rufi.

Renata dai na zaune, hannuwa a cinya, tana gyaɗa kai. Ba ta san ko dariya za ta yi ko ta nemi hanyar fita ba.

Sai ya rage murya. "Malama Kolb, akwai wani a kwamitinmu, abokin gabana ne tun ba yau ba. Shi cewa ya yi aikin kwamfuta ne. Wai akwai wani tsoho na gaske, kika sauya suna kika aiko mana da ragowar wata makaranta. In haka ne, kin san doka, ko ni ban isa in cece ki ba. Na ce masa hassada ce. Amma na yi alkawari zan tambaya." Ya ajiye biron. "Akwai wani tsoho?"

Ta ga Harlan ƙarara a lokacin, yana zaune bakin gado da singileti, yana rantsuwa ya sha maganin alhali ga shi nan ya leƙo daga ƙarƙashin katifa. Ta ga shagon darduma. Ɗigon ruwa na faɗawa a bokitin da ke bayan kujerar likitan.

Ta ce, "Babu wani tsoho, Likita."

Ya buga tebur don murna. Ya ce ba a faɗin sakamako a ɗakin nan, haramun ne, amma in shi ne ita zai fara neman ɗakin haya, kuma ta nemi na ƙasa, kada ta yarda da na sama. Har bakin matakala ya rako ta.

Abin da ta yi shekaru tana nema ke nan, ga shi ta samu, amma tana saukowa tana jin kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Mutumin da ta wanke da hannunta, ta rufe wa ido, yau ta ce ba a taɓa yin sa ba, kuma ko minti ɗaya ba ta ɗauka tana tunani ba.

Lorraine ta hango fuskarta ta gilashi ta buɗe mata ƙofa. Renata ta ce da alama an dace. Uwar ta rungume ta, tana dariya tana kuka, burodin ya faɗi tsakanin kujeru. Da ta nutsu ta tayar da mota, sannan ta tambaya a hankali ko sun gane kuskuren, ko sun tambayi labarin babanta Harlan.

"Sun tambaya, Mama."

"To me kika ce musu?"

Renata ta ja bel ta ɗaura, ta juya tana kallon waje. Ta ce, "Sun ce Allah ya jiƙansa."

Lorraine ta share ido da bayan hannu, ta ce ashe mutanen kirki ne.